Faifan kwamfutata ya cika, amma lissafin df da na du sun saɓa

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masana Linux, ina neman taimakonku a kan wata matsala da ta gagare ni tun shekaranjiya. Ni ne nake kula da kwamfutar shagonmu na buga takardu da ke Samaru a nan Zariya, wadda take aiki da Ubuntu 22.04, wani nau'in Linux.

Idan na buga umarnin df -h, wanda yake nuna yawan wurin da aka cinye a faifai, sai ya nuna cewa faifan mai gigabait 100 ya cika har kashi 98 cikin ɗari, amma idan na buga sudo du -xsh /, wanda yake haɗa girman fayilolin da ke cikin faifan, jimillar ba ta wuce gigabait 61 ba. Na san cewa tsarin ajiye fayiloli na ext4 yakan keɓe kashi 5 cikin ɗari domin root, wato babban mai iko da kwamfutar, sai dai wannan bai isa ya cike giɓin ba. Na duba df -i, wanda yake nuna ko guraben rajistar fayiloli sun ƙare, a can ma babu matsala.

Abin da nake zargi shi ne wani ƙaton fayil da na goge a /var/log, inda ake ajiye bayanan ayyukan kwamfutar, domin lsof +L1, umarnin da yake nuna fayilolin da aka goge amma suna nan a buɗe, ya nuna cewa rsyslogd, mai rubuta waɗannan bayanan, yana riƙe da shi har yanzu. Shin sake tayar da rsyslog kaɗai zai saki wurin, ko kuwa dole sai na kashe kwamfutar gaba ɗaya? Ba na son kashe ta, saboda ayyukan ɗalibai sun taru a kanta a wannan makon.