Birdwatching: kallon tsuntsaye ne ko farautar ido?

1/ Ɗan yayata da ke karatu a Ingila ya turo hoto daga fadamun Cley, a gaɓar tekun yankin Nofok. Ga shi cikin wata bukkar katako, an yanka siririyar taga, dattawa sun jeru da madubin hangen nesa, kowa ya yi tsit kamar ana huɗuba. Ya rubuta: "Kawu, mun zo birdwatching." Na nuna wa 'yan majalisarmu ta Ƙofar Soro bayan isha'i, ga mu nan har yau ba mu gama musun sunan abin ba.

2/ Kowa ya fara da "kallon tsuntsaye". Ni kuwa bai kwanta mini ba. Kallo a wurinmu na ɗan kallo ne: hawan sallah, dambe, kokawa. Ka zo ka tarar an shirya maka, ka tsaya ka ba ido abinci. Mutanen nan kuwa sammako suke yi, su duba lokacin da ruwan teku zai hau da lokacin da zai janye, domin sau biyu a yini yake hawa gaɓar ya koma, kuma sai ya janye tsuntsaye ke sauka kan laka suna tsintar tsutsa. Su zauna awa uku don tsuntsu ɗaya, su rubuta sunansa da adadinsa a littafi. Tsuntsun da ɗan yayata ya ce ya fi burge shi fari ne da baƙi, bakinsa siriri ya lanƙwashe sama, wanda ya daina ƙyanƙyasa a Ingila shekaru da dama sai a 1947 ya dawo.

3/ An kawo "duban tsuntsaye", aka ce wannan sai a ɗauka malamin duba ne. "Leƙen tsuntsaye" kuma da warin leƙen asiri. Ni na kawo "dakon tsuntsaye", ina nufin dakon maharbi a bakin mashaya, sai wani ya ce to mai yi ya zama ɗan dako ke nan, a ɗora masa akurkin kaji ranar kasuwar Mai'aduwa. Na janye.

4/ Wani dattijo daga Daura, tsohon maharbi, ya saurare mu har muka gaji, sannan ya ce: "Yaro, abin da kuke faɗi ai farauta ce. Mu kan ɗaura kan burtu a goshi mu sunkuya mu matsa kusa da nama. Su bukka suka gina. Haƙurin ɗaya ne, sanin kuka da sawu ɗaya ne, kibiya ce kawai babu." Na ce Baba, to mu ce farautar ido? Ya ce ya yarda.

5/ Nan na tsaya. Farautar ido, mai yi mafaraucin ido. A kanun labari ana iya ƙara "ta tsuntsaye" don kada a ɓata. Ilimin kansa, irin wanda ake koyarwa a APLORI, cibiyar binciken tsuntsaye da ke dajin Amurum kusa da Jos, a bar masa "nazarin tsuntsaye".

6/ Saura wurin. Fadamar bakin teku da ake kira salt marsh da Turanci, na ce "fadamar gishiri", aka tuna mini cewa Bakatsine zai zaci inda ake dafa manda ne ko kanwa. Gyara mai kyau. Sai mu ce "fadamar ruwan teku". Dajin da ke bayanta kuwa, gajerun itatuwa ne da iska ta hana su tsawo. Duk wanda ya san dajin sabara da geza ya gane. Fadamun Cley ɗin tun 1926 aka saye su aka keɓe wa tsuntsaye.

7/ Ba sai an je teku ba. Da hunturu tsuntsayen Turai kan ƙetare Sahara su sauka Dagona, cikin dausayin Haɗeja da Nguru. Mu kuma ga dam ɗin Ajiwa da na Sabke. Asabar zan je Ajiwa da asuba in ƙirga zalɓe da kirinjijiya. Wa ke da madubin hangen nesa ya ara mini?