Tayoyin sanyi 'yan Kwatano ko sababbi: wanne ya dace da motata?

Ma'aikaci, Daura:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar mota. Ina aiki a Katsina, iyalina kuma suna Daura, don haka kowace Juma'a nakan bi hanyar Mashi in koma gida, in dawo ranar Lahadi da yamma. Tayoyin gaban Corolla ɗina sun suɗe, har mai facin unguwarmu ya ce ba zai ƙara taɓa su ba. Na je wajen wani mai sayar da taya, ya fito mini da 'yan Kwatano guda huɗu masu lamba 195/65 R15 daidai da tawa, zanensu da zurfi, kuma kuɗin biyu daga cikinsu bai kai na sabuwa ɗaya ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne wata alama a gefensu, hoton dutse mai kai uku da wani abu kamar fure a tsakiya. Da na tambaya sai ya ce ai tayoyin hunturu ne na Turai, sun fi kowace taya riƙe titi, kuma tunda mu ma muna da hunturu, na dace. Shin in ɗauke su, ko in daure in sayi sababbi ko da biyu ne?

Ɗan Katsina a Jamus:

Wa alaikumus salam, Malam. Mai tayar bai yi ƙarya ba da ya ce na sanyi ne, amma ya haɗa hunturu biyu da suna kawai ya gama su. Wannan abin da ka gani kamar fure hoton ƙwayar dusar ƙanƙara ne, kuma alamar tana nufin an gwada tayar a kan dusar ƙanƙara ta ci jarrabawa. A nan Jamus tun 2010 doka ta tilasta saka irin wannan taya duk lokacin da titi ya yi ƙanƙara ko dusa, kuma daga Oktoban 2024 mai wannan alamar kaɗai ake karɓa, wadda aka rubuta wa M+S (wato laka da dusar ƙanƙara) zalla ba ta wadatar ba.

Sirrin tayar a cikin robarta yake. An haɗa ta da taushi don kada ta sandare idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, aka kuma yi mata ƙananan tsage-tsage masu yawa a jikin zanen domin su ciji ƙanƙara. Mu nan da zarar Afrilu ya kama muke cire su mu mayar da na bazara, saboda a titi mai ɗumi robar tana ƙara laushi, ta ci da wuri, mota ta riƙa lilo a kwana, birki kuma ya ƙara nisa kafin ya tsayar da ita. To ka tuna da Afrilun Katsina, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, kwalta kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Sanyin hunturunmu da asuba yake cizo, kafin azahar titi ya ɗau zafi.

Ka kuma tambayi kanka dalilin da ya sa mai ita na farko ya rabu da ita. A nan shawarar da ake ba mutane ita ce su sauya tayar sanyi idan zurfin zanenta ya sauko milimita 4, ko da yake iyakar doka milimita 1.6 ce. Shi ya sa take isowa gida da zane mai kyan gani, alhali a wurin da aka yi ta dominsa an riga an sallame ta.

Tsohon Direba, tashar Ƙofar Guga:

Ɗana, ni ban san Turai ba, amma na yi shekaru masu yawa ina jigila tsakanin Katsina da Kano, kuma abin da zan ce maka shi ne ka bar kallon zane, ka nemi ranar haihuwar tayar. A gefenta za ka ga haruffan DOT, a ƙarshen layin kuma akwai lambobi huɗu cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato idan ka ga 3817, an yi ta a mako na 38 na shekarar 2017. Roba tana tsufa ko ana hawanta ko tana jingine a shago, kuma jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara huɗu suke lissafa wa taya daga ranar da aka yi ta. Kamfanin yin taya na Michelin da kansa cewa ya yi a riƙa kai taya ana duba ta duk shekara idan ta cika biyar, a jefar da ita idan ta kai goma, ko da ba ta nuna komai ba.

Na taɓa sayen irin waɗannan masu taushin, don na ga araha. Wata rana da tsakar rana, na wuce Charanchi da fasinja cike da mota, sai na ji sitiyari yana rawa a hannuna. Na sauka gefe na duba, na tarar da ta baya ta yi ƙulu kamar ƙwan jimina, zanen ya fara ɗagowa daga jikin wayar da ke cikin tayar, robar kuma ta yi zafin da ba ka iya ɗora mata tafin hannu. Allah ne ya kiyaye ba ta fashe muna gudu ba. Watanta uku ke nan a ƙarƙashin motar.

Mai Faci, Sabuwar Unguwa:

Baba ya faɗi gaskiya, amma ina so a yi wa 'yar Kwatano adalci. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi bayansa a 2008, kusan duk tayar da muke sakawa daga waje take zuwa, kuma ba kowace sabuwa ce ta kirki ba. Na sha cire sabuwa mai arha wadda gefenta ya tsage tun ba ta shekara ba, na kuma ga tsohuwa ta kamfanin kirki da ta yi wa mai ita aiki lafiya. Talaka ba don son ransa yake sayen tsohuwa ba.

Sai dai akwai abin da ido ba ya gani. Sau da yawa ana cusa taya biyu ko uku cikin ɗaya don a rage wuri a kwantena, kuma wajen zaro su wayar bakin takan lanƙwashe, shi ya sa wata ba ta zama daidai a kan wili komai iskar da aka ba ta. Ga shi kuma tsohuwar taya tana cikin jerin kayan da hukumar kwastam ta haramta shigowa da su, don haka babu wanda zai ba ka garanti a kanta. Idan dole ta sa, Malam, ka nemi wadda ba ta da alamar dutsen nan, ka sa a juya maka cikinta ka shafa da hannu ko akwai tsohon faci, ka matsa gefenta ka ga ko ƙananan tsagu za su buɗe. Ta sanyi kam ko ni ba na ba mai tafiyar nesa shawarar saka ta.

Ma'aikaci, Daura:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na koma shagon yau da safe na duba kamar yadda Baba ya ce: biyu 4116 ne, ɗaya 0918, ta huɗun kuma an goge wurin lambar har ba ya karantuwa, abin da ya sa na ƙara tsorata da su gaba ɗaya. Na yanke shawarar sayen sababbi biyu a wannan albashin, sauran biyun kuma sai wata mai zuwa. Tambayar da ta rage mini ita ce, a gaba zan saka su tunda can ne suka suɗe?

Mai Faci, Sabuwar Unguwa:

A baya za ka saka su, Malam, ka dawo da na bayan gaba idan da sauran zane a jikinsu. Na san yawancin direbobi akasin haka suke yi, amma kamfanonin taya da kansu baya suke cewa, domin idan gaba ta zame kana da sitiyari a hannunka, idan kuwa baya ta kwashe a jiƙaƙƙen titi motar juyawa take yi. Ka sa a yi maka balansin da alaimin, wato daidaita nauyin tayoyin da saitin ƙafafun motar, a ranar, kuma ka duba lambobin nan huɗu a jikin sababbin ma kafin ka biya, don akwai wadda ta shekara uku a shago tana jiran mai saye.