Sauya kamfanin fansho daga Jidda ya gagare ni

Assalamu alaikum. Na bar aiki a Kano na dawo Jidda da zama, amma kuɗin fanshona na shekara 9 suna asusuna na ajiyar fansho (RSA), kuma ina son mayar da su wani kamfanin, tunda ƙa'idar hukumar fansho ta Najeriya, PenCom, ta yarda a sauya sau ɗaya a shekara.

Sau biyu ina cike fom ta intanet, ana dawo mini da shi, wai sai an sabunta bayanaina an ɗauki zanen yatsana, domin sunan mahaifina a NIN ya saɓa da wanda ke wajen kamfanin fanshona da harafi ɗaya tak. Na tura ƙanena da takardun, aka ce sai mai asusun da kansa. Waya kuwa ba sa ɗauka.

Shin akwai hanyar kammala wannan daga Saudiyya ba sai na yanki tikitin Kano ba?