Neman shawara: rubuta bayani kan allon tunawa da zanga-zangar Filadelfiya

Hauwa, Filadelfiya: Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina karatun digiri na biyu a fannin tarihi, kuma an ɗora wa ajinmu rubuta littafin jagora ga baƙin da ke zagaya wuraren tarihi na tsakiyar birni. Kason da ya faɗo mini shi ne wani allo shuɗi mai rubutun ruwan zinare da ke mahaɗar titi na shida da titin Chestnut, daura da Independence Hall, zauren da aka ayyana 'yancin kan Amurka a 1776. Hukumar tarihi ta jihar Pennsylvania ce ta kafa shi a 2005 domin tunawa da zanga-zangar da 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo suka riƙa yi a wurin kowace ranar 4 ga Yuli daga 1965 zuwa 1969. Shafi ɗaya kacal aka ba ni. Shin in fara da rikicin Stonewall, wato tarzomar da ta ɓarke a New York a Yunin 1969 bayan 'yan sanda sun kai samame wata mashayar 'yan luwaɗi mai wannan suna, tunda shi ne ya yi suna, ko in tsaya kan abin da ya faru a nan? Kuma ta yaya zan kauce wa yabo ko suka?

Dakta Bello: Wa alaikumus salam, Malama Hauwa. Kada ki fara da Stonewall, domin baƙon da ke tsaye gaban allon yana son ya san abin da ya faru a daidai inda ƙafarsa take, kuma wannan zanga-zangar ta girmi Stonewall da shekara huɗu. Ki fara da dalilin fitowarsu. A 1953 shugaba Eisenhower ya sa hannu kan umarnin da aka dogara da shi wajen korar irin waɗannan mutane daga aikin gwamnatin tarayya, kuma Frank Kameny, masanin taurari da ke aiki a sashen taswira na sojin Amurka, yana cikin waɗanda abin ya shafa a 1957. Shi da Barbara Gittings suna cikin jagororin masu fitowar, waɗanda a karon farko kimanin arba'in ne. Abin da zai fi kama hankalin mai karatu shi ne shigarsu: maza kwat da lakataye, mata doguwar riga, suna zagayawa a jere ɗauke da kwalaye cikin zafin Yuli, domin Kameny ya dage cewa wanda ke neman a ɗauke shi aiki dole ya yi kama da ma'aikaci. A fitowar ƙarshe ta 1969, 'yan kwanaki bayan Stonewall, wasu mata biyu suka riƙe hannun juna a cikin jerin, Kameny ya yi ƙoƙarin raba su. A nan ne Stonewall zai shigo miki da kansa, tunda a 1970 taron ya koma New York ya zama maci.

Alhaji Ɗanladi: 'Yata, matsayin addininmu da al'adarmu kan wannan lamari ba ɓoyayye ba ne. Da ni ne, da na roƙi malamin ya sauya mini wani allon, tunda birnin cike yake da su.

Hauwa: Na gode, Baba. Na yi tunanin haka, sai dai ƙuri'a aka yi wajen rabon, kuma abin da ake auna mu a kai shi ne iya ba da labarin abin da ya auku ba tare da cusa ra'ayi ba.

Malama Rabi, New York: Ina goyon bayan Dakta, amma zan ƙara da cewa shi kansa abin tunawar yana da tarihin da ya cancanci jimla biyu, domin shekara arba'in aka yi tsakanin fitowar farko da kafa allon. A nan Christopher Park, tsallaken mashayar Stonewall, akwai mutum-mutumi huɗu da mai sassaƙa George Segal ya ƙera, waɗanda aka shafa wa farin fenti, maza biyu a tsaye da mata biyu a zaune kan benci, har baƙi kan zauna kusa da su a ɗauke su hoto. An kammala aikin a 1980, amma saboda adawa sai a 1992 aka girke shi a wurin, kuma kwafinsa da aka ajiye a jami'ar Stanford wani ya far masa da guduma a 1984. Sukar ba daga ɓangare ɗaya ta fito ba, domin har cikin masu fafutukar akwai waɗanda suka ce gumakan ba su nuna baƙaƙen fata da talakawan titi da suka kasance a wurin daren 28 ga Yunin 1969 ba. Shugaba Obama ya mayar da wurin abin tarihi na ƙasa a 2016, sannan a Fabrairun 2025 hukumar da ke kula da shi ta cire ambaton masu sauya jinsi daga shafinsa na intanet. Saboda haka duk kalmar da kika ɗauko daga wata hukuma, ki faɗi wadda ta rubuta ta da shekarar da aka rubuta.

Barista Usman: Ki kuma tuna cewa wata rana gida za ki dawo, kuma dokar da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga mai tallafa wa ƙungiyoyin masu neman jinsi. Rubutun tarihi daban yake da tallafi, amma idan za a wallafa littafin da sunanki, ki tsaya kan su wane ne, yaushe, kuma me suka nema.

Dakta Bello: Game da abin da suka nema, kada ki fassara musu, ki kawo abin da suka rubuta da hannunsu. An miƙa kwalayen zanga-zangar da Kameny ya adana ga gidan tarihin Smithsonian a 2006, takardunsa kuma suna ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka a Washington. Ki zaɓi rubutun kwali ɗaya ki sa a shafin tare da hotonsa.