Magidantan da suka yi jinyar matansu a ciwon dajin mama, ku ba mu labari

Baban Hanifa, Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman waɗanda suka taɓa shiga halin da nake ciki. Mai ɗakina ta ji ɗan ƙullutu a mamanta na hagu, ba ciwo ba zafi, har ta ɗauka na shayarwa ne don ba ta daɗe da yaye ba. An ɗebi ɗan nama an kai ɗakin gwaji, sakamako ya fito ciwon daji ne. Likita ya ce za a fara da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji da ake sa wa ta jijiya, kafin a zo maganar tiyata. Yanzu kan dangi ya rabu. Surukata na so a mayar da ita gabanta a ƙauye, ta ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ni kuwa zuciyata ba ta ba ni in sake ta ba. Ɗinki nake yi, shagona na bakin layinmu. Don Allah wanda ya yi jinyar nan da hannunsa ya faɗa mini abin da ke gabana, kada ya ɓoye mini komai.

Malamin firamare, Daura

Wa'alaikumus salam. Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ne. Malam, kada ka bari a kai ta nesa da asibiti. Ka roƙi Hajiya cikin ladabi ita ta dawo gidanka ta zauna, ka ga kowa ya samu abin da yake so. Haka na yi da tawa surukar, kuma ba ƙaramin taimako ta yi mana ba wajen yara da girki.

Dalilina shi ne yadda kemo yake. Namu duk bayan sati uku ake yi, kuma kafin kowane zuwa sai an gwada jini. Ranar da aka saka maganin ba ita ce ranar tsoro ba. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan nan ƙwayoyin jinin da ke kare jiki ke yin ƙasa sosai, ƙaramin zazzaɓi kan iya zama babban abu. Ka sayi ma'aunin zafin jiki ka ajiye a gefen gado. Da zarar ya nuna 38, ko tsakar dare ne, asibiti za ku nufa, ba kemis ba, kada kuma a ce maleriya ce a ba ta Panadol a jira safiya. Wanda ke ƙauye ba mota ya zai yi da wannan?

Akwai wani jan magani da ake sa wa a jijiya, fitsari kan yi ja kwana ɗaya ko biyu, ka gaya mata tun kafin ta gani ta firgita. Gashi kuma wajen sati biyu zuwa uku da fara magani yake soma zuba. Tawa ta tsefe kitso da yamma, sai ga gashin na bin hannunta curi-curi. Ta zauna a bakin gado ta riƙe shi ta yi ta kuka. Washegari ita da kanta ta miƙo mini almakashi, na rufe ƙofa na rage mata sauran, na share na ƙulle a leda don kada yara su gani. Yana fitowa bayan an gama magani, nata yanzu har kitso take yi.

Abinci sai da lallashi. Ƙamshin soya albasa ma amai yake sa ta, dole aka mayar da murhu can bayan gida. Kunun tsamiya mai ɗumi da faten wake kaɗan-kaɗan su suka riƙe ta. Duk da mu mutanen fura ne, na hana nonon talla a lokacin, sai wanda aka dafa madararsa a gida. Sannan ka samu littafi na musamman, ka riƙa rubuta ranar magani, sunan kowane magani da abin da ta ji bayansa. Likita zai tambaya, ita kuma a galabaice take ba za ta tuna ba.

Abu Yusra, Mashi

Ni tawa Allah Ya yi mata rasuwa, shi ya sa nake son ka ji ni da kyau. Da likita ya ambaci tiyata, manyan gidansu suka ce daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi yaɗuwa yake. Wasu suka ce jifa ne. Aka ɗauke ta aka kai wa mai magani, ya yi ta shafa mata wani baƙin ƙulli, daga baya har da sakiya. Ƙullutun da a da sai an laluba ake ji ya fashe ya zama gyambo, kaluluwa ta cika hammata. Lokacin da suka yarda na mayar da ita asibiti, hoto ya nuna ya kai huhu da ƙashin baya.

Ba ƙarfe ke yaɗa shi ba, jinkiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 kaɗai mata miliyan 2.3 aka samu da ciwon nan a duniya. Duk jifansu aka yi? Addu'a da tofi ban taɓa dainawa ba, kuma babu likitan da ya hana ni. Amma a yi su ana zuwa asibiti.

A ƙarshe ni nake wanke mata gyambon safe da yamma kamar yadda nas ta koya mini, in juya ta, in ba ta ruwan mofin, maganin rage zafin ciwo, a kan lokaci. Masu dubiya kan tsaya daga ƙofa saboda warin ciwon, tana kuwa lura. Ni sai in zauna dab da ita mu yi hira. Ciwon ba a ɗaukarsa, ko kwano ɗaya kuka ci.

Baban Hanifa, Ƙofar Ƙaura

Allahu akbar. Allah Ya jiƙanta da rahama, Ya raya abin da ta bari. Maganar ƙarfen nan jiya-jiya wata gwaggonta ta faɗa a tsakar gidana.

Direban Katsina zuwa Kano

Amin. Ni ta fuskar kuɗi zan yi magana, don shi ke karya maza. Lokacin da muka yi namu, gashin da ake yi wa wurin ciwon da hasken na'ura bayan tiyata sai an bar jiha, ko Shika a Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja. Kullum ake shiga daga Litinin zuwa Juma'a na tsawon makonni, ga kuɗin ɗaki ga na abinci. A wani wuri muna tsaka da layi na'ura ta lalace, muka dawo gida muka jira. Ku kun samu sauƙi, tunda a 2025 an buɗe cibiyar ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina.

Ka zauna da likita ya lissafa maka dukkan matakan tun yanzu, don ka san yadda za ka raba abin hannunka. Na ga wanda ya ƙarar da komai a zuwa biyu na farko, magani ya tsaya a tsakiya. Ka tambaya kuma game da asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya, dajin mama na cikin waɗanda ya ƙunsa. Kada ka ji kunyar gaya wa 'yan'uwanka na jini da abokan sana'a. Ni 'yan tasharmu ne suka yi mini karo-karo, na sayar da fulotina na cika. Keken ɗinkinka dai kada ka sayar, da shi za ku ci.

Maman Sadiƙ, Sabuwar Unguwa

Ku yi haƙuri in shigo zancen maza, ni ce aka yi wa jinyar. An cire mini mama ɗaya gaba ɗaya. Na dawo gida da 'yar roba a hammata tana zubar da ruwa a cikin gora, Baban Sadiƙ ne ke juyewa yana rubuta yawansa. Duk wannan bai kai mini nauyin ranar da aka buɗe bandeji ba. Ni ban iya kallon wurin ba, fuskarsa na tsura wa ido. Bai kau da kai ba. Ya duba ɗinkin ya ce ya yi kyau ya kama, ya gyara mini mayafi. Da ya ɓata fuska ko ƙiris, da na gani.

Baban Hanifa, za a zo maka da maganar ƙarin aure, wasu ma a gabanta za su yi ta, wai ka samo mai taya ta aiki. Ba na haramta halal, amma mace na kwance ba gashi ba ƙarfi, in ta ji wannan sai ta ɗauka an gama da ita. Nawa ya ce wa 'yan'uwansa a bar zancen, kuma bai ƙaurace wa shimfiɗata ba. Ka kuma shiga ɗakin likita tare da ita. Akwai abin da mace ke jin nauyin tambaya, kamar ɗaukewar al'ada da batun ciki, don ba a son a ɗauki ciki ana kan maganin nan.

Malamin firamare, Daura

Maman Sadiƙ ta tuna mini abu biyu. Ka tabbata an yi wa naman da aka ɗeba gwajin da ke nuna nau'in dajin, za ka ga an rubuta ER, PR da HER2 a takardar. Shi ke nuna ko za ta sha ƙwaya irin su tamoxifen bayan an gama komai. Tawa tana kan shanta, kullum ɗaya, kuma shekara 5 zuwa 10 ake yi ana sha. Na biyu, in an cire kaluluwar hammata, hannun wannan ɓarin kan kumbura ko bayan an daɗe. Ka hana ta daka da jan guga da shi har sai likita ya amince, ka kuma taya ta motsa hannun da za a koya mata. Ranar zuwanku kemo na farko ka tafi da ruwan sha da bargo mara nauyi, zaman kan ɗauki awoyi kuma sanyi kan kama su.