Neman shawara: in sayi bulo ko in buga da kaina, kuma yaya zan rage zafin gida?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar gini.

Ni malamin makaranta ne, shekara 11 ke nan ina haya da iyalina. Allah ya hore min fili a wajen Janguza da ke gefen Kano, ƙafa 50 tsawo 50 faɗi, ina son ɗaki uku da falo. Abin da na tara ta hanyar adashi zai kai ni linta in na yi tsimi, rufi kuma sai baɗi in Allah ya kai mu.

Makon jiya na je wani gidan bulo, na ɗauki guda ɗaya na murza gefensa da babban yatsa, sai ga yashi yana zubo min a tafin hannu. Mai wurin ya ce wai bai gama bushewa ba ne. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Birkilana ya ce in yi da bulo mai inci 6 gaba ɗaya tunda ba bene ba ne, yayana kuma ya dage sai jan bulo. Sannan ga zafi: gidan da muke ciki, a watan Afrilu har sha biyun dare in ka dafa bango da ɗumi, yara sai a tsakar gida suke barci. Ba na so in zuba gumin shekaru in sake gina irinsa. Me kuke gani?

Birkila daga Zariya:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sa a gama lafiya. Bulon nan ba rashin bushewa ke damunsa ba, siminti aka hana shi. Ni in zan buga inci 9, buhu ɗaya mai kilo 50 ba na wuce guda 30 zuwa 35. Akwai masu matse buhun har ya ba su 50, shi ne wanda ka murza. In kana da ruwa a kusa, ka kira masu bugawa su zo filinka, ka zauna a wurin, da yamma ka ƙirga buhunan da aka zazzage da bulon da ya fito. A shayar da shi safe da yamma, kwana 7 aƙalla. In dole sai ka saya, ɗaga ɗaya daidai ƙugunka ka sake shi. Mai kyau gefe kawai zai ɗan ɓantare, mara kyau tarwatsewa zai yi.

Yashi ma ka duba. Damƙi jiƙaƙƙe ka buɗe hannu, in ya dunƙule ya bar maka laka a tafi, kada a sauke maka shi. Fandesho da bangon waje inci 9, kuma na fandesho a cika ramukansa da kankare. Inci 6 na raba ɗakuna ne.

Injiniya:
Na goyi bayan baba birkila. Amma kafin maganar bulo, a haƙa rami a filin a ga ƙasar. Wurare da yawa a gefen Kano tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, irin wannan ko bulonka ya kai dutse sai bango ya tsage. Kuma ka kai zanenka KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, a amince kafin ka fara, ya fi ka wayi gari ka ga jan fenti a katanga.

Kada ka tsallake jaman fulo, wato kankaren da ake malalawa a kan fandesho kafin a tashi bango, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashinsa. Rashinsa ne ke sa sanyi ya hau bango da damina, fenti ya yi ta ɓarewa daga ƙasa. Rodi kuwa, in ka shiga kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa ka tafi da wanda ya san shi, a auna kaurin a gabanka, don ana samun wanda ake kira mai milimita 12 alhali bai kai ba.

Zafi tun daga zane ake maganinsa. Ka ƙara layi ɗaya ko biyu na bulo bayan linta, silin ya kai mita 3 ko fiye. Manyan tagogi su kalli kudu da arewa, kowane ɗaki iska ta samu mashiga da mafita. Bangon yamma shi ke shan ranar la'asar ya riƙe ta har dare, don haka ka jera banɗaki da sito a can, ɗakin barci ya matsa. Gabas kuma daga nan hadari ke tasowa, bakin kwano ya fito sosai ya kare bangon.

Wani ɗan uwa:
Ni dai ina bayan yayanka. Gidan mahaifinmu jan bulo ne, da rana tsaka ka shiga ɗaki za ka ji bambanci, kuma waje ba ya buƙatar filasta ko fenti. Ka gwara guda biyu, in suka yi ƙara kamar ƙarfe sun gasu. Sai an jiƙa shi kafin a ɗora, in ba haka ba zai shanye ruwan kwaɓin.

Birkila daga Zariya:
Gaskiya ne yana da sanyi, ban musa ba. Amma ƙanana ne, aikin ya fi cin lokaci da kuɗin hannu, ga karyewa a mota, kuma ba kowane birkila ya iya jera shi ya miƙe ba. Wanda ya ce masa ya zuba inci 6 ko'ina, ban ga alamar ya iya ba.

Maman 'yan biyu:
Malam, ka zauna da matarka a kan zanen nan kafin a ja igiya. Mu da muka yi namu ba a tambaye ni ba, kicin taga ɗaya 'yar ƙarama, in na ɗora tukunya sai na fito waje ina haki. Ka bar tsakar gida ko ƙarama ce, don shanya da wasan yara.

Kwano ka zaɓi mai haske, baƙi da ruwan ƙasa suna da kyau a ido amma suna jan zafi. Katako a shafe shi da maganin gara tun yana ƙasa, kowane gefe. Namu shekara 4 gara ta cinye mana rabin na falo, muna zaune garin katako yana zubo mana a kan kujera. Tayil da kwalliyar silin za su iya jira, mun shekara biyu a kan daɓen siminti lafiya lau.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tsayar da shawara zan buga da kaina, inci 9 a waje, kuma daren nan zan nuna wa uwargida zanen. Maƙwabcina yana da rijiyar burtsatse, ya yarda in ja ruwa. Baba, in fara yanzu da hunturu ko in jira?

Birkila daga Zariya:
Fara yanzu, ɗana. Sai dai iskar hunturu tana busar da bulo da wuri tun bai yi ƙarfi ba, don haka ka rufe shi da buhuna ko ciyawa, shayarwa ta zama sau uku a rana. Siminti kuma kada ka jibge da yawa, sayi na mako biyu, ka ɗora shi a kan katako nesa da bango.