Me za mu kira "sitil layif" da Hausa?

1/ Jama'a ku kawo ɗauki. Ranar Asabar ina koya wa yara zane a Tudun Wada, na ɗora ƙwarya da albasa biyu da goro a kan faifai, na raba musu fastel, allin nan mai laushi da ke barin gari a yatsa. Wata yarinya ta ce, "Malam, wannan irin zanen mene ne sunansa?" Na ce sitil layif. Ta ce, "A'a, da Hausa." Na yi tsuru-tsuru.

2/ Baturen Ingila ma aro ya yi. Mutanen Holan ne suka raɗa sunan wajen 1650, suna nufin abin da ke tsaye cik ba motsi. Faransawa suka ce "matacciyar halitta", Larabawa suka ce "halitta mai shiru".

3/ Abin da ya fara zuwa bakin kowa shi ne "zanen marasa rai". Yana da daɗin faɗi, ga shi ya yi daidai da bambancin da malamai ke yi tsakanin surar mai rai da marar rai. Amma ya yi faɗi da yawa. Dutsen Kufena ba shi da rai, gadar kogin Kaduna ma haka, kuma wanda ya zana su ba wannan aikin ya yi ba.

Sannan duk wanda ya taɓa zama gaban kayan nan awa biyu ya san ba su mutu ba. Ɓara farin goro ka ajiye, kafin ka gama zana ƙwaryar ya soma rinewa. Gauta kwana kaɗan ta yamutse. Shi ya sa nake cewa ɗan koyo ya fara da albasa: tana da haƙuri, ga ɓawonta da ja da shuni da ruwan zuma, da ma fastel ba a dama shi, ɗora kala ake kan kala a jikin takarda. Kwanon silba kuwa a bar shi tukuna, ɗakin gaba ɗaya yake nunowa har da kai mai zanen.

4/ Wani abokina ya kawo "zanen girke", wai abin da aka girke wuri guda. Na ce rabin mutane za su ɗauka hoton tuwo ne, sauran su tuna da girkar bori. Wani kuma ya tuna yadda ake kasa tumatir a Kasuwar Bacci ya ce "zanen kashi". Ban ko amsa masa ba.

5/ Innata ce ta raba gardama ba da saninta ba. Ta leƙo ta tarar ina ta matsar da ludayi, ina komawa baya ina kanne ido, ta ce, "Kai kuma jeren wa kake yi?"

Zanen jere. Nan aikin yake: kai ka zaɓi kayan, kai ka ajiye su, kai ka rufe ƙofa ka bar taga ɗaya don inuwa ta faɗi gefe guda. Ana ba da labarin Sezan, wani mai zane na Faransa, wanda ya rasu a 1906, har kwabbai yake cusawa ƙarƙashin 'ya'yan itace don su karkata yadda yake so.

6/ Na san inda za a kama ni. Jeren amarya sahu-sahu ne, samira kan samira, komai daidai wa daida. Mai zane kuwa ɓata sahun yake, ya sa wani ya ɗan kare wani, ya kifar da ɗaya. Na yarda. Sai dai ko a ɗakin amaryar, mata sun san mai hannun jere da mai jibgewa.

7/ Saura shi fastel ɗin. "Allin kala" na makaranta ne, wanda ake gogewa a allo. Yaran dai da kansu "alli mai gari" suke ce masa, ni ma na bi su. Mai wanda ya fi wannan ya turo kafin Asabar.